Cefanen Kullum Ko Na Wata? Amsa Ga Wata Uwargida A Kano

Wata baiwar Allah daga Kano ta aiko da tambaya. Shekararta huɗu da aure, 'ya'yanta biyu, ga ƙanin maigida yana zaune tare da su. Maigidan ɗan albashi ne, amma kullum da safe yake ajiye mata kuɗin cefane, ita kuma ta aiki yaro shagon unguwa da wajen mai kayan miya. Ta ce kuɗin ba ya kaiwa, ƙawayenta kuma sun dame ta da shawarar ta sa shi ya riƙa yi mata cefanen wata gaba ɗaya. Suna da firji, sai dai wutar unguwarsu ba ta da tabbas. Abin da take son sani shi ne, sau nawa ya kamata gida ya yi cefane: kullum, mako-mako, ko wata-wata?

Ƙanwata, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sanya albarka a abin da maigida ke kawowa. Na daɗe ina koyar da tattalin gida a makarantar 'yan mata, na kuma riƙe nawa gidan da yara da baƙi da 'yan riƙo, don haka abin da zan faɗa miki na karanta shi kuma na taɓa shi da hannuna.

Gidanku cefane uku yake bukata, kowanne da lokacinsa. Awon hatsi sau ɗaya ko sau biyu a shekara, idan da hali. Kayan masarufi sau ɗaya a wata, a makon da albashi ya shigo. Kayan miya da nama sau biyu a mako, idan zafi ya tsananta sau uku. Ƙawayenki sun faɗi rabin gaskiya. Shinkafa da mai da sukari kam, asara ce a riƙa sayensu kullum. Amma duk wadda ta ce miki ki sayi tumatir da alayyafo na wata guda a garin Kano, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, da wutar da ba a san ranar zuwanta ba, to ba ta taɓa kwashe ruɓaɓɓen kwando da hannunta ba. Kayan ne da kansu suke gaya miki ranar komawa kasuwa. Ki dubi kowanne ki tambayi kanki: kwana nawa wannan zai yi a ɗakina kafin ya lalace?

Bari mu fara da inda kuɗinki ke zurarewa. Kayan da yaro ke sayo miki a shagon unguwa sun bi hannu da yawa kafin su iso gare ki. Mai shago ya saro katan ko jarka a kasuwar Singa, ya biya ɗan dako, ya biya mai a-daidaita-sahu, ya sayi leda, ya zauna ya ƙulla mai da gishiri da sukari ƙulli-ƙulli, kuma kowane ƙulli dole ya fitar masa da riba. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan, kuma shi ne ke rufa wa unguwa asiri ranar da babu. Amma ke da ke saye kullum, ke ce ke biyan duk waɗannan. Ki gwada abu ɗaya: ki sayi ƙullin man gyaɗa irin wanda kika saba, ki juye a kwalba, gobe ki ƙara, jibi ki ƙara, har kwalbar ta cika. Ki lissafa abin da kika kashe, sannan ki tambayi kuɗin kwalba guda a kasuwa. Ɗalibaina sun sha yin wannan gwaji, kuma ban taɓa ganin wadda ta dawo ta ce ƙulli ya fi sauƙi ba. Haka abin yake a shinkafar gwangwani, da magi ɗai-ɗai, da garin sabulu na ƙaramar leda.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Canjin da ba ya dawowa daga hannun ɗan aike. Alewa da biskit ɗin da yara ke maƙalewa a saya duk lokacin da aka buɗe jaka. Mai kayan miya da ya ga yaro ne, sai ya tura masa kashin da ya kwana. Girkin rana da ke makara saboda ana jiran a dawo daga aike. Kowanne ƙarami ne, amma sau talatin yake faruwa a wata.

Sannan ga tashin farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin ɗauko kaya ya hau kan komai, kuma a tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. A irin wannan yanayi, maigidan da ya riƙe albashinsa a banki yana tsakuro miki kullum, kuɗin na raguwa ne a hannunsa bai sani ba. Abin da zai sayi kwano goma ranar 1 ga wata, ranar 25 ba lallai ya saye su ba. Shinkafar da ke ɗakinki kuwa kwano goma ce har ranar da kika dafa ta.

To amma kada ki yi gaggawar cewa a kawo buhu. Akwai abin da nake son ki fara yi, kuma yawancin mata tsallake shi suke yi. Ki sami ɗan littafi, ki yi wata guda kina rubuta abin da gidanku ke ci. Ba kuɗi kawai ba, har da awo: gwangwani nawa na shinkafa kika ɗora yau, ludayi nawa na mai, magi nawa, taliya leda nawa. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Na sha tambayar mata kwano nawa na shinkafa suke ci a wata, sai su ce "muna dai ci". Wadda ba ta san cin gidanta ba, ko ta sayi kaɗan ta koma shago ranar 18 ga wata, ko ta sayi abin da zai zauna har ƙwari su riga ta. A ce littafin ya nuna kuna cin kwano takwas na shinkafa a wata. Buhu mai kilo 50 yana ba da kusan kwano 20, kin ga ke nan buhu ɗaya ya kamata ya kai ku wata biyu da rabi. Yanzu kina da magana mai tushe da za ki kai wa maigida.

Dalili na biyu da ya sa nake son littafin nan shi ne abin da tsofaffi suka sani tuntuni: buhu a buɗe hannu yake sakewa. Ranar da aka sauke buhun shinkafa a gida, ɗiban kowa sai ya ƙaru. Ke kanki sai ki ga kin ƙara gwangwani "ko wani zai shigo". Ƙanin maigida zai dafa taliya da dare da abokansa. Maƙwabciya za ta aiko a ranta mata kwano ɗaya, ranar biya kuwa sai Allah. Daga gida za a zo, ba kya bari a tafi hannu rabbana ba. Wannan ne ya sa maza da yawa suka gudu daga cefanen wata. Sun taɓa gwadawa, abin wata biyu ya ƙare a mako biyar, suka ce gara kullum. Ina zaton idan kika bincika, maigidanki ma yana da irin wannan labari, ko nasa ko na gidan da ya taso.

Maganin abin mai sauƙi ne, ni ma da shi nake aiki har gobe. Buhu yana sito a kulle. Ranar Asabar da safe nake shiga da kwano in auni na mako guda, shinkafa da wake da gari kowanne a robarsa mai murfi, mai kuma a kwalba, in fito da su madafa, in mayar da ƙofa in rufe. Wannan robar ita ce shagona. Idan ta ƙare ranar Alhamis, na san akwai inda aka yi sakaci a makon, kuma na gane da wuri, ba sai buhu ya kai ƙasa ba. Kyauta da sadaka kuma ki ware musu nasu kwanon tun ranar da aka kawo kaya. Ban ce ki hana ba, Allah ya kiyaye, gidan da ba a ɗiba a bayar ba gida ba ne. Amma ki san nawa kike bayarwa, ki bayar da zuciya ɗaya, maimakon ki bayar kina ƙunci daga baya ki rasa na yara.

Cefanen wata shi ne na duk abin da ba ya tsoron zafi: shinkafa, taliya da makaroni, man gyaɗa da manja, sukari, gishiri, magi, tumatirin leda, madarar gari, ganyen shayi, sabulu, gas ko gawayi. Ki haɗa da busassun kayan miya, kuka da kuɓewa busasshiya da karkashi da daddawa da barkono da citta da kanumfari. Waɗannan su ne ke ceton ki ranar da ɗanyen kaya ya yanke, kuma mace mai kuka da daddawa da garin tuwo a ɗaki ba ta kwana da yunwa. Tafiya ɗaya zuwa Singa ko Sabon Gari ko Kasuwar Rimi ta ishe ku. Idan katan ya fi ƙarfinku, ku haɗa kai da gida biyu ko uku ku saro ku raba. Na san mata a unguwarmu da suka mayar da adashensu na kaya: wadda ta ɗauka, buhu da jarka ake kawo mata maimakon kuɗi.

Abu ɗaya da ban yarda a yi wa na wata ba shi ne niƙa. Hatsi yana daɗewa ne muddin yana ƙwaya. Da zarar an niƙa shi, kwanansa ya ragu, musamman gero, don yana da maiƙo, garinsa kan yi ɗaci da wari cikin 'yan kwanaki. Ki riƙa kai niƙan gero na kwana uku ko huɗu, masara da dawa na mako guda ko biyu, kuma ki baza garin ya huce ya sha iska kafin ki rufe shi. Garin da aka rufe da zafin inji a jikinsa gumi yake yi, daga gumi sai hunhuna.

Yanzu awon shekara, wanda a ganina nan ne babbar riba take, amma 'yan birni sun yi watsi da shi. Iyayenmu ba su san cefanen hatsi na wata ba, rumbu suka sani. A yawancin shekaru hatsi ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gero da masara da dawa da wake ke shigowa kasuwa, ya kuma fi tsada daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da na bara ya ja baya sabo bai iso ba. Idan maigida zai iya tara wani abu, ko ya karɓi adashe a daidai Nuwamba, ya shiga kasuwar hatsi ta Dawanau a kan hanyar Katsina, ko ya bi kasuwannin mako irin Dambatta ranar Lahadi ko Wudil ranar Juma'a, ya auno masara da gero da wake na wata shida. Babban buhu kwano 40 yake ɗauka, gida irin naku ba ya bukatar buhuna da yawa. Na ce "a yawancin shekaru" da gangan, domin a 2025 farashin hatsi sauka ya yi, waɗanda suka tara don su sayar da tsada suka yi kuka. Wanda ya ajiye na cin gidansa kuwa, ko farashi ya sauka abincinsa ne, ci zai yi. Shi ya sa nake cewa a tsaya a kan na ci.

Wasu mazan kan ji nauyin wannan, su ce tara abinci rashin tawakkali ne, ko kuma ɓoye kaya ne da addini ya hana. Abin da aka hana shi ne ɗan kasuwa ya ɓoye abinci mutane na bukata don ya yi tsada. Tanadin iyali kuwa, ya zo a Bukhari daga Sayyidina Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda. Ki tuna wa maigida wannan cikin ladabi idan maganar ta taso.

Sai dai awon shekara ba shi da amfani idan ajiya ta lalace, kuma a nan zan ɗan tsaya. Kafin ki rufe hatsi ki tabbata ya bushe. Ki ciji ƙwayar masara, idan ta fashe ƙas, ta bushe. Idan haƙori ya nutse, a mayar rana. Wata dabarar kuma, ki zuba busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ki ƙara ɗan hatsi, ki rufe ki girgiza, ki bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. Danshi ke kawo hunhuna, kuma hunhunar masara da gyaɗa tana ɗauke da gubar da ake kira afulatoksin, wadda ke lahanta hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Duk ƙwayar da ta yi kore-kore ko baƙi, a tsince a zubar, kada a ce a niƙa a yi kunun yara. Wake kuma abokin gabarsa ƙwari ne. Ina roƙonki don Allah kada ki bari a zuba wa abincinku maganin ƙwarin gona ko ƙwayar nan mai fitar da hayaƙi a cikin ɗakin da mutane ke kwana; an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka kuma yaɗa shi a Najeriya da Nijar saboda wake. Ki matse iskar, ki ɗaure kowace leda daban, ƙwarin sai su mutu don rashin iska ba tare da ɗigon magani ba. Idan ba ki samu ba, jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, a cika ta fal har baki a toshe, ita ma tana wannan aiki. Buhuna kuma kada su taɓa ƙasa ko bango, a ɗora su kan katako. A tsare su daga ɓera, domin ban da ɓarna, fitsarinsa da kashinsa a kan abinci su ne hanyar zazzaɓin Lassa.

Mu dawo kan kayan miya, inda aka fi samun saɓani. Idan kika je kasuwar kayan gwari ta Yankaba da sassafe a watan Fabrairu, za ki tarar da motoci sun sauke kwanduna daga Kadawa da Kura da Garun Malam, tumatir ja wur, tattasai da attaruhu tsibi-tsibi, dillalai na ta kira, kuɗin kwando kuma ya yi ƙasa har ki ji kamar ki kwashe duka. Wannan ne lokacin da zuciya ke ruɗar mutum. Araha ce ta gaske, amma kwandon da kika kawo gida agogo ne ya fara bugawa. Na ƙasan kwando sun riga sun matse tun a mota. Idan kin saya, a ranar za ki juye a kan tabarma ki tsince: fasassu da masu laushi a markaɗa yau, nunannu masu ƙarfi na gobe da jibi, masu ɗan kore-kore a jera su a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a leda ba. Ɗaya ruɓaɓɓe da aka bari a tsakiya, kafin kwana biyu ya shafa wa maƙwabtansa. Sauran kuma a yanka a shanya a yi kauɗa, a kan abu mai tsayi da aka rufe da yadi mai shara-shara, ba a ƙasa a bakin titi ba. Kauɗar da kika yi a Fabrairu da Maris ita za ta yi miki rana a Yuni da Yuli, lokacin da noman rani ya ƙare tumatir ya zama gwal. Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, ya san darajar busasshen kaya a ɗaki.

Amma wannan aikin shekara ne, ana yinsa sau ɗaya ko biyu da rani. Miyar yau da gobe kuwa, ki sayi na kwana uku ko huɗu a kasuwar da ta fi kusa da ke. Ki tsayar da ranaku biyu, a ce Talata da Asabar. Ganye, alayyafo da zogale ɗanye da latas da yakuwa, ki dafa a ranar ko washegari, don ko bai ruɓe ba amfaninsa raguwa yake yi yana yaushi. Saboda haka ki tsara girkin da kanki: ranar cefane da washegari miyar ganye da ta taushe, rana ta uku miyar dage-dage, rana ta huɗu kuka ko kuɓewa busasshiya. Ta haka babu abin da zai zauna jiran ki har ya lalace. Albasa ita ce ta fita daban. Busasshiyar albasar rani, irin ta Aliero ko ta Galmi, takan yi makonni idan aka baza ta a wuri mai iska, don haka ita ki sayi ta wata. Kada dai ki haɗa ta wuri ɗaya da dankalin Turawa, suna saurin lalata juna. Doya da kabewa su ma suna da haƙuri. Ayaba kuwa ki raba ta da sauran kaya, don tana sa na kusa da ita saurin nuna.

Game da firji, zan gaya miki abin da ya same ni don kada ya same ki. Wata shekara da bazara, na sayi nama mai yawa da kaji na cika firiza, ina ganin na huta har ƙarshen wata. Kwana biyu da yin haka taransifomar unguwa ta lalace. Ranar farko na ce za a gyara, rana ta biyu na ce ai da sauran sanyi. Rana ta uku da na ɗaga murfin, ruwan jini ya taru a ƙasa, warin ya daki fuskata. Kuɗin naman wata guda muka haƙa rami muka binne, yara suna tsaye suna kallo. Har yau idan na tuna raina yana sosuwa, domin da na soya shi tun ranar farko da babu abin da zai same shi. Ka'idar da masana lafiyar abinci suke bayarwa ita ce, firji ya kasance ƙasa da digiri 5. Idan wuta ta ɗauke kuma ba a buɗe shi ba, yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza cikakkiya awa 48, mai rabi awa 24. A zafin Kano ki ɗauka bai kai haka ba. Tunda kin ce wutarku ba ta da tabbas, ki ɗauki firjinki a matsayin mataimaki na kwana ɗaya ko biyu, kada ki jingina cefanen wata a kansa. Ki sayi nama sau ɗaya ko biyu a mako, ki tafasa da kayan ƙamshi ki soya shi ya bushe sosai a ranar, ki riƙa ɗiba. Ɗanyen kifi da kaza da kayan ciki, ranar da aka sayo ranar ake dafawa. Ƙwai na mako guda ya isa lokacin zafi. Busasshen kifi da banda su ne naman da ke jure ajiya, su ma a riƙa fito da su suna shan rana.

Akwai kuma firjin da ba ya jiran wuta. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska. Ruwan da ke tsanewa ta jikin babbar tukunyar shi ke janye zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Tumatir da tattasai da yalo da karas suna ƙara kwanaki a ciki. Da rani da hunturu take aiki, da damina kuwa iska ta riga ta jiƙe, ba ta yin wani abin kirki. Nama da madara kuma ba nata ba ne.

Kuɗin mota ma cefane ne, kada ki manta da shi a lissafi. Idan daga Sheka ko Rijiyar Zaki za ki tashi zuwa Yankaba don kayan miyan kwana uku, abin da kika rage a farashi kin ba mai a-daidaita-sahu, har da ƙari. Babbar kasuwa ta babban saye ce. Ƙaramin saye kuma, ki riƙe mai kayan miya guda ɗaya a kusa, ya san ki ki san shi. Wanda ya san za ki dawo Talata da Asabar ba zai ba ki na jiya ba, gyararsa ma ta fi ta baƙo.

Na san akwai masu karanta wannan da mazajensu ba 'yan albashi ba ne: mai facin taya, ɗan dako, mai tura ruwa, wanda sai ya fita ya samo sannan a ɗora tukunya. Irin wannan gida cefanen kullum ba zaɓi ba ne, kuma babu abin kunya a ciki. Shawarata gare su ita ce a fara da abu ɗaya. A riƙa cire ɗan wani abu kullum ana jefawa a asusu, ranar da ya kai a sayi kwalbar mai maimakon ƙulli. Kuɗin man da aka huta saye a makon nan, a tara a sayi kwanon gari. A hankali sai a wayi gari abin da ake nema da safe bai wuce na kayan miya ba.

Ke kuwa da Allah ya ba maigidanki albashi, kada ki tare shi da cewa kuɗin ba ya isa, ya riga ya ji wannan sau da yawa. Ki bari ki cika littafinki na wata guda tukuna. Sannan ki sami lokacin da ya ci ya huta, ki nuna masa: ga abin da muka ci, ga abin da muka biya a shago, ga kuɗinsa a kasuwa. Ki roƙe shi ku gwada wata ɗaya da abubuwa uku kacal, shinkafa da mai da taliya, makullin sito a hannunki, awo ranar Asabar. Kuɗin kayan miya kuma ya riƙa ba ki na mako a dunƙule, ki raba shi biyu da kanki. Ƙanin nasa ma a gaya masa tsarin a gabanku ku biyu, don kada ya zama ke ce mai hanawa. Idan watan ya ƙare da sauran shinkafa a buhu, ki kira maigida ya leƙa da idonsa, daga nan sai ki kawo maganar masara da waken kaka, tun Nuwamba ba ta ƙaraso ba.